Kawu da Bugaggen Mudun Inna

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Wanda Ya ara mana Kawu Ya karɓi abinSa ranar wata Talata da safe, a gidansa na Tungan Maje, ba mu kuwa da ta cewa sai haƙuri. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne abin da na gani a zaman makoki ya ba ni tsoro. Na ga yadda ake iya manta mutum tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba, ni kuwa ban yarda a yi wa Kawu haka ba.

Tabarmin da muka aro daga masallaci ko rabi ba su cika ba. Tsofaffin abokan aikinsa na ma'aikata sun zo, ba zan ci haƙƙinsu ba. Suka ajiye manyan motocinsu a bakin titi don lungun ba ya shiguwa, suka tako suna ɗage babbar riga saboda kwata. Kowa ya zauna sai ya ce oga mutum ne mai gaskiya, irinsu sun ƙare, rabin maganar da Hausa rabi da Turanci, ido kuma yana kan waya. Ɗaya daga cikinsu har ya tambaye ni ko ni ce 'yarsa, na ce masa 'yar ƙanwarsa ce, Allah bai ba Kawu haihuwa ba. Sai ya ce af, ashe. Shekaru suka yi ofis ɗaya, bai sani ba.

Waɗanda suka yi kukan gaske ba su ma san sunansa na yanka ba. Akwai maƙwabcinsa, wani dattijon Gwari mai gonar doya, wanda ya zauna a bakin zaure ya ƙi shiga ya ƙi tafiya, duk wanda ya zo wucewa sai ya ce masa, "Baba ta tafi. Yanzu wa za ta gaishe ni da safe?" Akwai kuma matan Fulani masu tallar nono, da suka jeru a gindin katanga suka rufe fuska da gefen zane. Su ne ma suka fara gane babu lafiya, da suka zo ajiye ƙorensu a zaurensa kamar kullum suka tarar da ƙofa a rufe har rana ta ɗaga.

A cikin gida kuwa Inna ce, mahaifiyata, ƙanwar Kawu uwa ɗaya uba ɗaya, zaune a kan darduma da carbi a hannu. Matan kasuwa 'yan'uwanta masu awon hatsi sun kewaye ta. Ana yi mata gaisuwa tana cewa an gode, idonta a bushe. Ina jin raɗe-raɗinsu a bayan ɗaki, wata tana cewa ai Hajiya ta huta, wata tana cewa a'a, yanzu ma ta shiga uku. Duk sun san abin da na sani: shekara goma da ɗoriya Inna ba ta kira Kawu da Yaya ba, ba ta tambaye shi ya ya kwana ba. Shi kuwa babu abin da ya nema a ƙarshen rayuwarsa kamar wannan kalma ɗaya daga bakinta.

Bari in faɗi ko wane ne shi tukuna, kafin rigimar ta cinye shi.

Kawu jami'in duba awo da sikeli ne. Aikinsa shi ne ya shiga kasuwa ya tabbatar mudun da ake auna wa mutane hatsi cikakke ne, sikelin mahauta bai karkace ba, galan ɗin mai galan ne. Daga ƙasar Katsina muka fito. Shi aiki ya kai shi Ikko, da aka kwaso ma'aikatu aka dawo da su Abuja ya biyo su. Da mahaifina ya rasu ina ƙarama, shi ya je har ƙauye ya ɗauko mu, ya kama mana ɗaki a Gwagwalada, ya saya wa Inna buhun masara na farko da mudu, ya ce ta fara da wannan. Shi ya sa ni makaranta, shi ya tsaya har na zama malama. Matarsa ta rasu ba su daɗe da zuwa ba, bai sake aure ba. In aka yi masa maganar sai ya ce ya auna ya ga ba zai iya adalci tsakanin mai rai da wadda ta tafi ba.

Komai nasa a aune yake, har abin ya kan ba mutum haushi. Sukarin shayi cokali ɗaya, a shafe, da yatsa yake share kan cokalin. In Inna tana koya mini miya ta ce in sa gishiri ɗan kaɗan, daga inda yake zaune zai ɗaga murya ya ce, kaɗan ɗin wa, naki ko nata? Ya taɓa zaunar da ni ina 'yar firamare ya sa na riƙa ɗebo gero da gwangwanin madara ina zubawa a mudu ina ƙirgawa, sannan ya kawo mudun maƙwabta na sake. Lissafin bai zo ɗaya ba. Na ce wanne ne na gaskiya, ya ce tambayar da gwamnati ke biyansa albashi a kanta ke nan, kuma har yau bai gama amsawa ba. Shi ya gaya mini dalilin da ya sa a ƙauye in za a sayi farin yadi ake tura dogon mutum, don da kamu ake aunawa, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, kamun dogo kuwa ya fi na gajere. Ya ce kakarmu ta fi kowa sanin wannan, ita da take gajera kamar turmi amma ba ta taɓa zuwa sayen zane da kanta ba.

Amma ba a ko'ina yake kafa doka ba. Matan Fulanin nan da na ambata, bai taɓa duba ludayinsu ba. Ya ce wadda ta tako daga ruga da ƙwarya a ka tun asuba, in ludayinta ya rage, rana ce ta sha. Ya bar musu zaurensa su ajiye kaya, ya kafa musu randa, kullum da kansa yake cika ta. In sun ba shi kindirmo kyauta sai ya karɓa, don ya ce ya yi ritaya, yanzu babu mai cewa cin hanci ne.

Rigimar ta faru ne bayan sojoji sun koma bariki, lokacin da kuɗi suka fara zuba a Abuja kamar an ɓalle famfo. Ko'ina gini, tifofi suna ta jigilar yashi, baƙi suna ta kwararowa, kowa kuma sai ya ci tuwo. Kasuwar da Inna ke awo ta cika ta batse. A lokacin duk mai awo yana biyan kuɗin duba mudu shekara-shekara, a gwada mudunsa da na gwamnati, a buga masa hatimi a baki. 'Yan kasuwa suna ƙorafi, ga kuɗin rumfa, ga na shara, ga na duba. Na Inna kuwa Kawu ne ke biya daga aljihunsa, ita kuma ta ɗauka wannan yana nufin tana da mai kare ta a sama.

Abin da kowa ya sani amma ba a faɗa shi ne kusan kowace mai awo mudu biyu gare ta. Akwai mai hatimi, na nuna wa ma'aikata. Akwai kuma bugagge, wanda aka kifa aka daki gindinsa da taɓarya ya ɗan shige ciki, in an cika shi da hatsi ido ba ya ganewa, amma ya rage kamar tafin hannu. Da shi ake sayarwa. Ba ina wanke Inna ba ne, tana da shi. Hujjarta ita ce kowa haka yake yi, in ita kaɗai ta cika mudu a farashin da saura ke sayar da bugagge, to sai ta koma ƙauye da zane ɗaya.

A gidanmu Kawu ya gan shi. Ya zo cin tuwo ranar wata Juma'a, ya hango mudun a bakin madafa, ya ɗauka ya shafa gindinsa da babban yatsa. Ya ce, "Auta, mudun nan ba shi da lafiya, ki kai shi bola." Auta yake kiranta, don ita ce ƙaramarsu. Ta yi dariya ta ce in haka ne duk kasuwar sai a kwantar da ita a asibiti. Ya sake yi mata maganar wani zuwan, ta ce ya ci tuwonsa kada ya huce. Ni shaida ce ya faɗa, kuma ni shaida ce ba ta ɗauke shi da gaske ba.

Ranar da suka shiga kasuwa ina rumfar, an ba mu hutu. Suka biyo layin masu hatsi da motar ofis a bayansu, ana ta jefa mudun da aka kama a ciki. Maƙwabciyar Inna, wata bazawara mai 'ya'ya da yawa, an kama nata, tana ta roƙo tana kama ƙafar wandon Kawu. Da suka iso kanmu Inna ta miƙa mai hatimi tana murmushi. Yaran Kawu ko karɓa ba su yi ba, suka ce ƙanwar oga ce, suka yi gaba. Shi bai motsa ba. Sai ya ce ta ɗauko wanda ke ƙarƙashin buhun wake.

Ta ɗauko. Ya cika nata da gero, ya juye a na gwamnati, kowa ya leƙa ya ga giɓin. Da an tsaya nan da sauƙi. Amma ƙa'idarsu a lokacin ita ce a lalata abin a gaban jama'a, sai aka zube su duka a tsakiyar kasuwa aka kawo guduma. Da aka zo kan na Inna yaron da ke riƙe da gudumar ya yi turus, Kawu ya karɓa ya daka da hannunsa. Inna ba ta yi kuka ba, ba ta yi zagi ba. Ta gyara mayafinta, ta ce in rufe buhuna, muka tafi gida da rana tsaka.

Da yamma ya zo. Daga cikin ɗaki ta yi magana, labule a sake. Ta ce da bare ne ya yi mata da ta ce aiki ne, amma shi a gidanta ya ga mudun, da tuwonta a bakinsa, ya ɗauki abin da ya gani a matsayin ɗan'uwa ya kai kasuwa ya tona mata asiri. Shi kuma yana tsaye a tsakar gida ya ce, "Da na tsallake ki, Auta, da wane ido zan kalli matar da ke kusa da ke?" Ta ce to ya je ya ci gaba da kallonta. Wannan ita ce doguwar magana ta ƙarshe da ta shiga tsakaninsu.

Kasuwa ba ta da kirki. Sai da aka yi watanni ana nuna Inna da baki, ana cewa ga wadda yayanta ya daka wa mudu. Matan da nasu ma aka daka su suka fi kowa yi mata dariya. Aka karɓe adashin da take riƙe wa layinsu aka ba wata. Shi ma Kawu bai tsira ba, a ofis aka riƙa cewa wanda bai bar ƙanwarsa ba wa zai bari, mutane suka riƙa janye jiki. Har ya yi ritaya ba a ƙara masa girma ba. Abokansa suka gina gidaje a cikin gari, shi ya tare a ɗaki biyunsa na Tungan Maje da rediyo da buta.

Limamin unguwarmu ya sami Inna ya yi mata nasiha, ya ce gaba tsakanin Musulmi haramun ce, balle 'yan'uwa, ko ba komai in ya yi sallama wajibi ne ta amsa. Inna ta ce ta ji. Kuma ta bi, amma daidai abin da aka ce, ko ƙwaya ba ta ɗora ba. Duk Juma'a in an sauko masallaci Kawu zai hau mota daga Tungan Maje ya sauka a Gwagwalada, ya tako har ƙofarmu ya ce salamu alaikum. Daga ciki za ta ce wa alaikumus salam. Shi ke nan. Ba sannu da zuwa, ba shigo, ba ya gida. Zai tsaya ɗan jim ko za a ƙara wani abu, ba a ƙarawa. Ni zan kawo masa ruwa ya sha a tsaye, ya tambaye ni makaranta, daga baya ya koma tambayar maigidana da yara, sannan ya juya. Haka aka yi ta yi, damina da rani.

Ni fa abin ya ishe ni, kuma na gaya wa kowannensu. Na ce wa Inna ko harshe da haƙori ana saɓawa, ta ce haƙori ba ya kai harshe kasuwa ya cije shi. Na ce wa Kawu ya daina wahalar da kansa, kuɗin motar ma ya isa ya sayi nama, ya ce zumunci a ƙafa yake, kuma ƙafar tasa ce. Kafiya dai a jininsu take, kowa ya gada daidai gwargwado, ni ce a tsakiya ina shan wuya kamar igiyar guga.

Ya taɓa gwada wata dabara. Ya sayi sabon mudu mai kyau, ya kai aka duba aka buga hatimi, ya biya kuɗin duban, ya ba ni in kai mata. Ta karɓa ta juya shi, ta ajiye. Juma'ar da ta biyo ya zo ya tarar da shi a tsakar gida cike da ruwa, kaji suna sha. Na so ƙasa ta tsage in shige. Shi kuwa ya daɗe yana kallo, sannan ya ce to, alhamdu lillahi, ko ba komai kajin gidan nan suna shan cikakken awo. Ya yi dariya, ya miƙo mini kofin ruwa.

Abin da zai ba mutum mamaki shi ne tun daga ranar gudumar Inna ba ta sake taɓa bugaggen mudu ba. Da kuɗinta ta sayi wani, ta riƙa cika shi har ya yi toroƙo, ta sa hannu ta tare, ta ƙara gyara a kai. Ba tuba ba ce, zuciya ce, so take kasuwa ta ga ba yunwa ta sa ta ba. Sai ga shi masu gidajen abinci da matan ma'aikata sun gane, suka dawo wajenta, rumfa ɗaya ta zama biyu, har Allah Ya kira ta Makka. Masu cewa ai albarkacin yayanta ne sun sha harara.

Kafin tafiya Makka mutum yakan bi gida-gida ya nemi gafara, Inna ma ta bi. Ta je wa matan da suka yi mata dariya, ta je wa wadda ta karɓe adashi, har mai ɗinkin da suka yi faɗa a kan zane ta je wa. Gidan Kawu kaɗai ta tsallake. Ana gobe za su shiga sansanin alhazai ta kira ni, ba ta kalle ni ba, ta ce in je in ce ya yafe mata. Na tafi da murna kamar in yi tsuntsuwa, na ce yau dai an zo ƙarshe. Na same shi yana cika randa. Ya ajiye bokiti ya ce, "Ki ce mata ni tun ranar na yafe. Ita fa?" Na dawo na faɗa mata kalma da kalma. Tana ɗaure jaka, ta ja igiyar ta ƙulle, ta ce in duba ko an kawo mata takalmin da ta aika a saya.

Bayan wannan na fi zuwa wajensa, duk Asabar in na samu sarari. Gidan shiru, sai rediyo da ƙarar manyan motoci daga titin Zuba. Unguwar ta cika da sababbin mutane waɗanda ba su san shi ba, ba su kuma damu su sani ba. Wata rana na tambaye shi kai tsaye ko ya yi nadama. Ya ce da za a maimaita zai karɓe mudun, wannan babu shakka, haƙƙin mutane ne. Amma da bai karɓi gudumar ba. Ya ce ya karɓa ne don kada yaro ƙarami ya daki kayan ƙanwarsa, a ganinsa mutunta ta ya yi, sai daga baya ya gane abin da idonta ya gani. Na ce to me ya sa bai gaya mata haka ba. Ya ce ta labule?

Ran nan ne ya gaya mini abin da ya sa ba zai daina zuwa ba. Ya ce duk garin nan, da faɗinsa da fitilunsa, mutum ɗaya ce ta san muryar uwarsa. Ita kaɗai ta san tsamiyar da ke ƙofar gidansu, ta san shekarar da fara ta cinye gero suka ci dusa, ta san ya taɓa goya ta ya tsallaka rafi da ita. Ya ce in ya tuna wani abu na gida sai ya ji kamar ya yi mafarki ne, don babu wanda zai ce masa e, haka aka yi. Na tashi na hau wanke masa kwanukan da ba su yi datti ba.

Ciwon sukari ya kama shi, ƙafafu suka kumbura. Ya koma zuwa da sanda, daga tasha kuma sai ɗan acaɓa ya kawo shi, ya sauka da ƙyar. Na tsare Inna na ce mata mutumin nan fa mutuwa zai yi. Ta ce kowa ma zai yi. Na yi fushi na yi kwanaki ban leƙa ta ba, ni ma ashe jinin yana jikina.

Sai wata Juma'a da na je, tun kafin a sauko masallaci, ta ce in ɗauko kujerar roba in ajiye a inuwar ƙofa. Na ce ta wa? Ta ce ita dai ta ce in ajiye, rana tana dukan wurin. Kawu ya zo ya yi sallama, ta amsa yadda ta saba. Ya ga kujera, ya kalle ni, na girgiza kai na nuna ɗaki da haɓa. Ya zauna a hankali kamar mai tsoron kada ta karye, ya sha ruwansa a zaune, karo na farko a duk shekarun nan. Da na raka shi bakin hanya fuskarsa kamar ta yaron da aka yi wa ɗinkin salla. Ya ce mini ƙasa-ƙasa, yau ya sami gyara, in Allah Ya yarda saura ƙiris. Ya sami kujerar nan sau uku ko huɗu. Ni ma na sa rai, har na fara tunanin abin da zan dafa ranar da za ta ce ya shigo.

Sai ga Talatar nan. Dattijon Gwari ne ya ɓalle ƙofar bayan matan Fulani sun kira shi, suka same shi a kan darduma, ya yi sallar asuba, butarsa a gefe. Ba kowa a wajensa. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai, kuma zai daɗe yana ci.

Ni na je na gaya wa Inna a rumfa. Tana tsakiyar auna wa wata mata shinkafa, ta ƙarasa awon, ta ɗaure mata leda, sannan ta ɗauki mayafi. Muka hau mota. Gidan da ba ta taɓa takawa ba, sai da na nuna mata ƙofar.

Bayan an yi masa wanka an sa shi a likkafani, maza suka aiko cewa in akwai mata na jiki da za su yi masa addu'a su shigo kafin a fita da shi. Mu biyu ne kawai na jikin. Muka nufi ɗakin, ina gaba tana baya. Na shiga na durƙusa, sai na ga ba ta biyo ni ba. Na waiwaya, tana tsaye a bakin ƙofa, ta cire takalmi, ta riƙe ƙyauren da hannu ɗaya.

Ta ce, "Salamu alaikum, Yaya."

Ta tsaya tana jira. Daga waje ina jin ana jan makara, wani yana cewa a yi sauri rana tana yi. Ba ta shigo ba, ba ta koma ba. Shirun ya yi mini nauyi har na kasa ɗauka, sai na ji bakina ya ce wa alaikumus salam.

Ta juyo ta kalle ni, ta ce, "Ba ke na yi wa ba."

Tana nan tsaye har maza suka nemi hanya, ta matsa gefe aka wuce da shi ta gabanta.

Na tambayi malamai, wasu sun ce mamaci yana jin na kusa da shi kafin a rufe shi, wasu sun ce Allah ne Masani. Ni ban da ilimin da zan raba. Ya Allah Ka gafarta wa Kawu, Ka yalwata masa makwanci, Ka sa masa abokin zama na alheri a inda ya tafi, ya sha zaman kaɗaici a nan. Kuma don rahamarKa, Ka sa ya ji.